Yadda Na Kusa Kashe Wuƙata Garin Gyaran Tsini

Hannu na zura a aljihu zan ɗauko makulli, sai na ji zafi a ɗan yatsa kamar an tsira mini allura. Da na zaro, ga jini. Yankan bai taka kara ya karya ba, amma ya ba ni haushi, domin wuƙar da ta yi mini wannan aika-aika a rufe take ruf. Na fito da ita na juya ta a haske, sai ga tsinin babban ruwan ya leƙo sama da ƙota, bai fi kaurin farce ba. Shekara da shekaru ana wasa ta kafin ta zo hannuna, kuma kowane washi yana cin ƙarfe ta wajen kaifi, tsini yana hawa sama kaɗan-kaɗan, har ranar da ya fito daga makwancinsa.

Tsohuwar wuƙa ce, na saye ta hannun wanda ya gaji da ita. Irin mai ruwa uku ce da Amurkawa ke kira sitokman, wato wuƙar makiyayi: babban ruwa mai dogon tsini, na biyu mai miƙaƙƙen kaifi da suke ce wa ƙafar tunkiya, sai ƙarami mai zagayayyen kai, wanda asali don fiɗiyar dabbobi aka ƙera shi. Fuskar ƙotar ƙashi ne rinanne, ƙarfen kuma mai kabon, irin wanda ke yin duhu in ya sha aiki. Sunan kamfanin ba shi da amfani a nan, don ɓarnar da za ku ji, da hannuna na yi ta.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin irin wannan wuƙa ba, babu abin da ke kulle ruwanta. Sandar ƙarfe ce ta bi bayan ƙota, ita ce sifirin, an kafe ta da ƙusa a tsakiya, bakinta yana danne gindin ruwa. In ka buɗe, kusurwar gindin ta ɗaga sifirin ta wuce, sifirin ya dawo ya zauna daram ya riƙe. Rufewa ma haka. Dama da hagu akwai siraran faranti na tagulla, ni bango nake ce musu, a bakin ƙota kuma akwai kafaɗu na farin ƙarfe, waɗanda ƙusar da ruwa ke juyawa a kanta ta ratsa. Wannan farin ƙarfe azurfar nikel ake kiransa, alhali ko ƙwayar azurfa babu a ciki, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Ba noti, ba sukuru. An doki kan ƙusa ne da guduma har ya baje, aka goge shi ya ɓace cikin kafaɗa. Wuƙar zamani sukudireba ke ƙara mata tauri ko sassauta ta, in ka wuce wuri ka dawo baya. Wannan kuwa guduma da magagari ne kayan gyaranta.

A ƙasan gindin ruwa, dab da inda kaifi ya fara, akwai ɗan tudu. Turawa kik suke ce masa, ni na sa masa dunduniya. In wuƙa ta rufe, shi ke taka cikin sifirin ya tsayar da ruwa, don kada kaifi ya kai ga ƙarfe. Tsawonsa ne ke nuna inda ruwa zai kwanta. Na taɓa jin cewa in tsini ya leƙo, dunduniya ake ragewa ruwa ya ƙara nutsewa. Maganar gaskiya ce. Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne, a rage kamar yaya?

Magagarin da na fara ɗaukowa zamewa ya riƙa yi yana ƙara, don ƙarfen ya fi ƙarfinsa. Na sauya da ƙaramin magagari mai garin daimon, shi kam nan take ya fara ci. Daɗin cin nan ne ya ja ni. Sai da na ja shi kusan sau ashirin kafin na tuna in rufe in duba. Tsini ya ɓace, har na yi murmushi ni kaɗai. Na kai farce zan buɗe, sai farcen ya zame a kan tagulla. Gurbin da ake saƙala farce ya nutse, rabinsa ya shige bayan bango.

Daga baya na ɗauko rula na auna, abin da ya kamata in fara yi. Daga ƙusa zuwa dunduniya milimita 9. Daga ƙusa zuwa tsini milimita 72. Ashe duk abin da na cire a dunduniya, ninki takwas yake zama a tsini. Ni kuwa milimita 1 kacal nake nema tsini ya sauka, wato abin da ya kamata in ci bai wuce kaurin fallen takarda ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Na ci ninki uku na haka. Tsini ya sauka kusan milimita 3.

Kuma tsugune ba ta ƙare ba. Da na shafa bayan wuƙar a rufe, sai na ji sifirin ya ɗan faɗa ƙasa da bango, wurin da a da yake sumul kamar ƙarfe guda. Dalili a fili yake: a kan dunduniya yake hutawa, na rage ta, ya bi ta ƙasa. Na uku shi ya fi ci mini rai. Na wasa ruwan har yana aske gashin hannu, na rufe shi ya yi ƙas, na sake buɗewa, sai ga wani ɗan wuri yana ƙyalli a tsakiyar kaifi. Duk wanda ya saba washi ya san kaifi mai kyau ba ya mayar da haske, in ka ga ƙyalli to nan ya dakushe. Na sake wasawa, na sake rufewa, ƙyalli ya dawo a wuri guda. Kaifin ne ke dukan tudun da ke cikin sifirin, daidai inda ƙusar tsakiya ta ratsa. Ƙarfin rufewa yakan sa ruwa ya ɗan wuce makwancinsa na ƙiftawar ido kafin ya dawo, kuma ratar da maƙeri ya bari don wannan wucewar ita na cinye da magagari. Don in tabbatar, na yanko siririyar takarda na shimfiɗa a cikin ramin, na saki ruwa ya rufe da kansa. Takardar ta fito da yanka.

Garin neman gira na kusa rasa ido. Abin da ya cece ta ɗan guntun fata ne, bai kai ƙwayar ashana ba, na cusa shi cikin ramin daidai inda dunduniya ke taka, na ɗiga masa gam. Ruwa ya ɗago, gurbin farce ya fito, duka ya tsaya. Amma ƙarar nan mai daɗi ta rufewa ta koma wata 'yar dum, kamar an rufe ƙofa a kan tsumma. Masu sana'ar suna da wata dabara, su ɗora gindin a kan maƙera su doki gefen dunduniya da ɗan ƙarfe mai tsini har ta miƙe ta ƙara tsawo. Na ga an yi, ni dai ban gwada a kan wuƙar da nake so ba, don ƙarfe mai tauri yana iya tsagewa maimakon ya miƙe.

Wuƙa ta biyu da ta zo mini da wannan matsala, na bi ta a sannu. Na naɗe kaifi da salatif saboda yatsuna. Na shafa baƙar maka a kan dunduniya don in ga inda magagari ke taɓawa. Ja uku, in busa, in rufe, in duba ta gefe, in shafa yatsa a kan tsini. Zagaye huɗu aikin ya ƙare. Kafin in fara ma sai da na danna ruwan a rufe da babban yatsa, in ji ko akwai sauran wuri a ƙasa. In ka danna ka ji ya sauka sosai kafin ya taɓa wani abu, kana da filin ragewa. In ko kaɗan ya motsa ya tokare, kada ka taɓa dunduniya. A nan bayan ruwa ake ci, a ɗan zaftare shi daga sama zuwa tsini har tsinin ya koma ƙasa da ƙota. Siffar ruwa takan ɗan sauya, amma sifirin da gurbin farce suna nan yadda suke. Da hannu ake yi, a kan dutse. Injin washi yana zafafa siririn wuri cikin daƙiƙa kaɗan, kuma ƙarfe mai kabon yakan fara yin launin ruwan ɗorawa a wajen digiri 230 na ma'aunin Celsius, ya koma shuɗi a wajen 300. In ka ga shuɗi a tsini, taurinsa ya tafi.

Na daɗe ina mamakin abin da ya sa wuƙaƙe biyu daga kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, ba sa zama daidai. Amsar tana cikin yadda ake haɗa su. Sana'ar tsohuwa ce a Sheffield ta Ingila, inda ƙungiyar maƙeran wuƙa ta samu rajista tun 1624, haka a Solingen ta Jamus da Thiers ta Faransa, daga can maƙera suka kai ta Amurka. Kamfanin wuƙa na Case, wanda tarihinsa ya faro a 1889, yana ƙera nasa a Bradford ta jihar Pennsylvania. Kamfanin Great Eastern Cutlery da aka kafa a 2006 yana Titusville a jihar guda, galibi da ƙarfen 1095, mai kabon kusan kashi 1 cikin 100. Inji yana yanka sassa, amma mutum ke haɗawa, ya doki ƙusa, ya goge baya a jikin faifai, ya saurari ƙara. Stan Shaw, ɗaya daga cikin tsofaffin maƙeran Sheffield na ƙarshe masu ƙera wuƙa su kaɗai tun daga farko har ƙarshe, ya rasu a 2021 yana da shekara 94, kuma kusan duk rayuwarsa a kan wannan aiki ta ƙare. Abin da irin waɗannan suka shafe shekaru suna koyo, shi na tunkara da magagari a yammaci guda.

Wani abu mai sauƙi da na koya a makare: a fara da wanka. Na sha ɗauka cewa wuƙa tana da lalura don tana buɗewa da gurzo kamar akwai yashi, ko tana rufewa da kasala. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a buɗe a rufe a cikin ruwan sau da yawa, a busar sarai, a ɗiga mai marar kauri a gindin ruwa, a ci gaba da motsawa. Baƙin ruwan da ke fitowa sai ka rantse ba daga wannan 'yar wuƙa ba ne. A sabuwa, ragowar man goge ƙarfe ne na masana'anta. A tsohuwa, zaren aljihu ne da busasshen mai. Fiye da rabin waɗanda na yi niyyar duka da guduma, wanka kawai suke nema. Sai dai mai kabon ba ta son a bar ta da laima ko na awa guda, tsatsa ba ta jira.

Girgiɗi shi ne abu na gaba, kuma iri biyu ne, ni da farko na haɗa su. Ka buɗe wuƙa, ka riƙe bayan ruwa, ka motsa. In dama da hagu yake yi, ƙusa ce ta saki, kafaɗu sun ɗan buɗe, yawanci don wani ya yi ɓamɓare da ita. In sama da ƙasa yake yi, sifirin ne ya gaji ko gindin ruwa ya cinye, kuma duk matsin duniya ba zai gyara wannan ba, sai an wargaza wuƙar.

Na dama da hagu na iya. Ana sa kafaɗun tsakanin fata biyu a bakin matsin ƙarfe na teburin aiki, a murɗa kaɗan, a fitar, a gwada. In kafaɗu sun koma ciki, kan ƙusa zai ɗan fito ya nuna zobensa. Sai a ɗora ɗaya gefen a kan ƙarfe mai nauyi, a riƙa taɓa kan ƙusar da ƙaramar guduma mai zagayayyen kai, duka marasa ƙarfi masu yawa, har ya baje ya cike raminsa. In ba a yi wannan ba, mako guda kafaɗun za su sake buɗewa. Sannan samfefa, daga lamba 400 zuwa 800 zuwa 2000, sai man goge ƙarfe, zoben ya ɓace.

Karo na farko na murɗa fiye da kima. Girgiɗi ya mutu, amma wuƙar ma ta mutu tare da shi: in na tura ruwa zai rufe, sai ya tsaya a hanya kamar mai tunani, sai na raka shi da yatsa. Wannan ya fi girgiɗi haɗari, don ruwan da bai rufe sosai ba shi ke buɗewa a aljihu. A nan na gane amfanin ɗan siririn ƙarfen da maƙera ke saƙalawa tsakanin gindin ruwa da bango kafin su doki ƙusa, su zare shi bayan sun gama, ratar da ya bari ita ce numfashin wuƙar. Ni reza nake amfani da ita, kaurinta kusan milimita 0.1, ko ganye mafi siranta daga ma'aunin da makanikai ke gwada bakin fulogi da shi. A karo na biyu kuma ban kula fata ta zame ba, bakin matsi ya hau kan ƙashi. Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinke ba. Tsagar tana nan har yau, daga kafaɗa zuwa ƙusar farko, ta sha mai ta yi baƙi. Kafaɗa kaɗai ake matsawa, ƙashi da ƙaho ba su san lanƙwasa ba.

Inda na fi jin kunya shi ne batun karkata. Na dubi sitokman ɗina ta sama a rufe, na ga ƙafar tunkiya ta jingina hagu, ƙaramin ruwan ya jingina dama. Na buɗe su, na ga ko a buɗe ba su miƙe da ƙota ba. Na ce lallai wannan aikin ganganci ne. Allah Ya taimake ni na fara gwaji a kan wata mai araha da na ajiye don koyo. Na kama ruwanta a matsi, na riƙe ƙota na ja gefe. Ta lanƙwasa ta dawo. Na ƙara ƙarfi, ta sake dawowa. A na uku sai tas, rabin ruwa a bakin matsi, ƙota a hannuna, wani ɗan ɓarɓashi ya wuce ta gefen kunnena. Tun ranar ba na irin wannan aiki sai da tabarau.

Na kwashi gutsattsarin da sitokman ɗin na kai wa wani dattijo da ya tsufa a gyaran wuƙa da almakashi. Ya karɓi sitokman, ya buɗe, ya rufe, ya kai ta kusa da kunne ya sake rufewa.

"Me ka ce ta yi?"

"Baba, ruwan biyu ne a karkace, so nake in miƙe su."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Yaro, sifirin nawa ka gani a bayanta?"

"Biyu."

"Ruwa fa?"

"Uku."

"To biyun nan ɗaki ɗaya suke kwana, ɗaya ya shigo ta gabas, ɗaya ta yamma. In ka miƙe su, ta ina za su wuce juna?"

Ban ce komai ba. Ya nuna mini yadda aka tanƙwara kowanne tun daga gindi, da gangan, kuma aka fi zaftare gefe guda na kowane ruwa don su goga kafaɗa ba tare da sun yi karo ba. Abin da na kira aibi shi ne wurin da maƙerin ya fi nuna gwaninta. Ya ce in ruwa na son gyaran karkata da gaske, ba a jan sa da hannu kamar reshe. A kan 'yar maƙera ake ɗora shi, a doki gindi dab da kafaɗa, inda ƙarfe ya fi kauri kuma galibi bai kai baki tauri ba, duka ɗaya a duba. Ya ƙara da cewa shi ma yakan karya lokaci-lokaci, shi ya sa ba ya taɓa wanda bai kai ga cin bango ba. Ya gwada tawa da takarda tsakanin ruwa da ruwa, ta wuce ba ta maƙale ba, ya miƙo mini abata.

Daga ranar na sauya yadda nake kallon karkata. Ruwan da bai zauna a tsakiyar rami ba amma bai taɓa komai ba, ido kawai yake damu. Wanda ke goga bango har kaifi ko tsini na cin tagulla, wannan lalura ce. Akwai kuma 'yar gogayya da mutum ke jawo wa kansa: in ka saƙala farce ka tura ruwa gefe yayin buɗewa, dole ya shafi maƙwabcinsa ya bar zane. Sama ake ja, a miƙe.

Masu tara irin waɗannan wuƙaƙe suna da wata al'ada ta ɗaga wuƙa a gaban fitila su leƙa ta baya, ko haske zai ratsa tsakanin sifirin da bango. Na yi wannan ciwon ni ma. Akwai lokacin da nake kashe wutar ɗaki in kunna tocila don neman ratar da gashi ba zai shiga ba, in na samu kuma wuƙar ta fita daga raina. Yanzu ina ganin yawancin wannan neman rigima ne. Rata 'yar ƙarama ba ta hana yanka, ba ta rage ƙarfin sifirin. Wadda farce ke shiga, mai tara datti, ita ce abin magana. Haka batun sifirin ya zauna daidai da bango a rufe, a rabi, da a buɗe. In an samu uku ɗin, maƙeri ya cancanci jinjina, don sai gindin ruwa ya zama nisa ɗaya daga ƙusa ta fuska uku. In ya ɗan ɗago a rabi, babu wanda ke yanka da wuƙa a rabi. In ya ɗago a buɗe har yana cin tafin hannu, wannan kam zan yi ƙorafi.

Abin da hannu ke ji ya fi mini abin da ido ke gani. Mahaɗar ƙashi da kafaɗa, in ka shafa ka ji mataki. Kan ƙusa da ya fito yana kama zare. Kusurwar gindin ruwa da ke leƙowa in wuƙa ta rufe, mai huda aljihu a hankali. Gefen bango mai kaifi kamar ba a goge ba. Waɗannan duka samfefa mai laushi da aka naɗe a ɗan katako tana maganinsu cikin minti kaɗan, kuma ba su taɓa yadda wuƙa ke aiki. Nan ne ma ya kamata mai koyo ya fara. Duhun da ƙarfe mai kabon ke yi kuwa na daina gogewa, yana ɗan kare shi daga jar tsatsa. Wanda ba ya son sa sai ya nemi ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield a 1913.

Ƙarfin sifirin ba ni da ta cewa sosai a kansa, don gyaransa na gaskiya sai an cire ƙusa. Masu sha'awa suna auna shi daga 1 zuwa 10, sukan ajiye wuƙar aljihu ta kamfanin Victorinox na Switzerland a wajen 5, daga 8 zuwa sama kuma suna kiranta mai karya farce. Suna da wata kalma mai daɗi, tafiya da magana: tafiya ita ce santsin ruwa a hanya, magana ita ce ƙarar da yake yi in ya isa. Mai tauri takan yi laushi da mai da yawan amfani. Abu ɗaya da nake kiyayewa, ba na barin ruwa biyu masu sifirin ɗaya a rabin buɗewa lokaci guda, don ana lanƙwasa shi ne ta kai biyu, kuma haka ake karya shi. Wuƙar Opinel ta Faransa, da aka fara ƙerawa a 1890, ita ba ta da sifirin ko kaɗan, katako ne ke riƙe ruwa, sai zoben kullewa da aka ƙara mata a 1955. In ta sha laima katakon ya kumbura ta ƙi buɗewa, gindin ƙotar ake bugawa a tebur ruwa ya leƙo, sai a bar ta ta bushe. Wanda bai sani ba zai ɗauko samfefa, rani ya zo ta koma sako-sako.

Sabuwar wuƙa yanzu ba na kai mata ƙarfe sai na gama dubawa, domin da zarar magagari ya taɓa ta, mai sayarwa yana da hujjar ƙin karɓa. In shafa tsini a rufe. In sa takarda in saki ruwa. In motsa shi ta fuska huɗu. In tura shi in ga ko zai ƙarasa rufewa da kansa. In ta faɗi ɗaya daga cikin waɗannan tana sabuwa, komawa za ta yi. In ta wuce, sauran na zauna da su wata guda a aljihu kafin in yanke shawara, kuma sau da yawa kafin watan ya cika na manta abin da ya dame ni.

Sitokman ɗin tana aljihuna yanzu haka. Fatar da na cusa takan lotse bayan 'yan watanni, kuma ba sai na duba ba nake sani: ƙarar rufewa takan fara komawa ƙas, daga nan ƙyalli ya bayyana a tsakiyar kaifi. Sai in zaƙulo tsohuwar da tsinke, in yanko sabuwa daga wani tsohon bel da na ajiye don wannan aiki, in ɗiga gam, in bar ta a buɗe a kan tebur ta kwana.